Kafintan da Ba Ya Hawan Rufi da Ƙoshi

Gyara zama, ke. Abin da na faɗa shi za ki sa, kada ki yi mini kwaskwarima irin taku ta 'yan makaranta. In na maimaita magana ki bar ta haka, tsufa ne.

Labarin mijin ƙanwata nake so a ajiye, Allah ya jiƙansa. Kin gan shi kina ƙarama, dogon nan siriri mai zama a bakin ƙofa, amma ba ki san shi a sama ba, kuma wanda bai san shi a sama ba bai san shi ba. Ƙadangare muke ce masa. Kafintan rufi ne, kamar ni. Sai dai ni hawa nake yi don in ci abinci, shi kuwa kamar a can aka haife shi. A ƙasa tafiyarsa ma ba ta da kyau, yana jan ƙafa kamar wanda takalmi ya matse. Amma ya taka katako, sai ki rantse tafin ƙafarsa na da danƙo.

Tun muna samari muka haɗu wajen maigida ɗaya. Maigidan namu gajere ne mai kaurin wuya, in ya daka tsawa sai ƙusa ta suɓuce daga hannunka. Dokokinsa ba yawa. Kada ka taka kwano sai kan layin ƙusa. Kada ka miƙe tsaye da fallen kwano a hannu in ana iska. Sai babbar, wadda ko ɗansa ba ya ɗaga wa ƙafa a kanta: ba a hawa rufi da ƙoshi.

Dokar nan da jini aka saye ta. Akwai babban yaronsa, ya girme mu, muna kiransa Fara'a don ba ka ganin haƙoransa a rufe. Wata rana masu gidan da muke rufewa suka yi mana girki, shinkafa da nama, har da ƙari. Fara'a ya ci ya ƙara, ya kora da ruwa, ya koma sama rana na tsaka. Barci ya fizge shi a durƙushe, ƙiftawar ido kawai. Bene ne. Bai kai asibiti ba. Ni an aike ni sayo ƙusa, ban gani ba, sai tabarma na tarar an lulluɓa. Ƙadangare yana sama ranar.

Daga nan cimarmu ta zama ɗaya. Da sassafe shayi mai kauri, suga har cokali ya kusa tsayawa, mu hau kafin kwano ya yi zafi. A sama sai ruwa. In rana ta yi sanyi mu sauko mu ci kamar kuraye. A kan haka muka girma, a kan haka muka horar da namu yaran. Duk wanda muka gani yana tauna a gindin tsani, sai mu ce ya je ya taya masu kwaɓa siminti hira, yau babu shi babu sama.

Ƙadangare ba mai magana ba ne. Kullum da ƙusoshi jere a bakinsa, yana zarowa ɗai-ɗai. Da ƙusa a baki ya nemi auren ƙanwata, sai da ya faɗa ya sake faɗa kafin na gane ba guduma yake so in miƙo masa ba. Suka zauna a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, suka haifi 'yan mata suka aurar. Rufin gidan nan bai taɓa ɗigar da ko ɗigo ɗaya ba, amma bencin da baƙi ke zama ƙafarsa ɗaya gajera ce, da ɓallin bulo aka tokare ta har ya bar duniya. In ƙanwata ta yi mita sai ya ce, "Wa zai biya ni?" Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Ko yaro ya ɓata falle, sai dai ya dube shi ya gyaɗa kai, yaron ya gwammace a mare shi.

Da girma ya zo, ni gwiwa ta sauko da ni. Na koma ƙasa ina awo ina yankan katako ina miƙawa. Shi kuwa furfura ta cika kansa yana nan a sama. Muna aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila, mutumin kirki ne amma ba ya son abin da zai kai shi ofishin 'yan sanda.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ƙishirwa, fitsari ba iyaka, rama har wandonsa sai da igiya. Aka je asibiti, likita ya yi bayani mai tsawo, ya rubuta ƙwaya ta safe da ta yamma. To ƙanwata mace ce mai riƙo, in ta kama abu ba ta saki. A duk maganar likita abu ɗaya ya shiga kunnenta, suga ne makashin mijinta. Suna dawowa ta kwashe gwangwanin suga ta ba maƙwabta. Zuma ta bi, alewar jikoki ta bi. Shayinsa ya koma ruwan ɗaci. Abincin yamma ma ta rage masa, don an ce mata shinkafa da burodi duk suga suke komawa. Don ƙauna ta yi, ki rubuta wannan da kyau, don ƙauna.

Sai ki lissafa da kanki. Mutum ya kwana da rabin ciki, ya tashi ya haɗiyi ƙwaya da shayi marar suga, ya hau sama ya yi ta duka har yamma. Mu dai a lokacin ba mu lissafa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin ya fara da gumi. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ka ga rigarsa sharkaf, alhali iska na kaɗawa. Sai ya fara kuskuren ƙusa. Mutumin da yake buga ƙusa yana kallon wani wajen, yau ga babban yatsansa ya yi baƙi. Sai faɗa. Ranar da na ji ya zagi wani lebura har da uwa, na ajiye zarto na leƙa, don na ɗauka wani ne ya ari muryarsa. Da yamma bayan ya ci abinci na ce masa, "Me yaron nan ya yi maka?"

Ya ce, "Wane yaro?"

Wata rana kuma a hanyar gida ya riƙa tangaɗi yana dafa bango, harshensa ya yi nauyi, masu shago na kallo. Kin san bakin mutane. Kafin mako ya zagayo magana ta cika layi, wai tsoho ya fara shaye-shaye da furfurarsa. Yaran aiki in ya juya baya sai su kwaikwayi tafiyarsa. Ɗan kwangila ya kira ni gefe.

"Baba, surukin naka yana taɓa wani abu ne?"

Na ce, "Yallaɓai, ko taba bai taɓa sa wa a baki ba."

Ya ce, "To me nake gani? Ni dai ya zame mini ƙadangaren bakin tulu. In sallame shi babu mai hannunsa, in bar shi ya faɗo mini a wuya."

Maganar shaye-shayen ta kai kunnen Ƙadangare. Sai ya daina bi ta layin masu shago, ya koma zagayawa ta bayan gareji.

Muna rufin wata makaranta abin ya fashe. Dogon gini ne mai hawa biyu, reshe biyu sun haɗu a kusurwa. Wajen hantsi ina yanka sai na ji gudumarsa ta yi shiru. Na ɗaga kai. Ga shi zaune a doron rufi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can kamar mai hawan jaki, yana dariya shi kaɗai, ƙusoshi na zubowa daga bakinsa suna gangarowa kan kwano. Na kira shi, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Jikinsa yana karkata a hankali.

Allah ya sa akwai samari biyu masu ƙarfi kusa da shi. Ɗaya ya rungumo shi ta baya, ɗaya ya ɗaura masa igiyar da muke jan kwano da ita. Yana ture su yana zagi, suka zuro shi ƙasa kamar buhu. Muka jingina shi da bango. Jikinsa sanyi ƙalau, gumi na tsiyaya, hannu na rawa. Aka ce a kawo ruwa, sai aka tarar na duro duk siminti ne. Wata mata mai sayar da lemon kwalba a bakin ƙofa ta rugo da guda ɗaya, don shi ne abu mai sanyi a hannunta. Idonsa biyu, yana iya haɗiya, ya kama kwalbar da hannu biyu ya shanye.

Ke, kin taɓa ganin fitilar da ta kusa mutuwa aka ƙara mata mai? Haka idonsa ya dawo. Ya dubi igiyar da ke ƙugunsa, ya dube mu, ya ce, "Wa ya sauko da ni? Ban gama layin ba."

Da muka kai shi gida na ba ƙanwata labari, sai ta ɗora hannu a ka.

"Lemo? Yaya, lemo kuka ba shi? Kun kashe mini miji!"

Na ce, "Ga shi nan zaune yana jin ki. Abin da kika hana shi ya tashe shi. Ni ma ban gane ba, gobe mu je a gane mana."

Washegari a asibiti, nas ɗin da muka samu yarinya ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba, amma bakinta kamar zarto. Ta soki yatsansa ta duba, ta karɓi ƙwayar ta jujjuya.

"Baba, da me kake shan wannan da safe?"

"Da shayi."

"Shayi da me?"

"Da ruwan zafinsa."

"Abinci fa?"

"Sai na sauko."

"Daga ina?"

"Daga sama. In rana ta yi sanyi."

Ta ajiye biro, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wato ku uku kuka haɗa baki za ku kashe mini tsoho."

Ƙanwata ta ce, "'Yar nan, likita ne ya ce suga ne makashinsa."

"Ya faɗa, Mama. Ya kuma ce a sha maganin da abinci. Wannan fa?"

"Ni dai sugan na ji."

Sai nas ta sassauta. Ta ce garin gudun gara mun faɗa gidan zago. Ta ce ƙwayar nan kamar lebura ce da aka ɗauka kwasar yashi, ba ta tambaya ko mota ta kawo ko ba ta kawo ba, kwasa kawai take yi, in babu sai ta haƙa ƙasa. Aikin ƙarfi ma yana cin nasa. In sugan jini ya yi ƙasa sosai, kai ne ke fara jin yunwa, shi ya sa mutum ke zagi da tangaɗi kamar mashayi, alhali bai san yana yi ba. Da ta faɗi haka na ga Ƙadangare ya sunkuyar da kai. Ya daɗe bai ɗago ba.

Ta koya mana abu biyu, ta ce kada mu haɗa su. Na farko na gaggawa ne. In ya ji gumi ba dalili, ko rawar hannu, ko faɗuwar gaba, ko yunwa mai zafi, ko ido ya fara duhu, ya bar abin da yake yi ya zauna. A dama suga ƙaramin cokali uku a rabin kofin ruwa ya sha, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ko alewa 'yan ƙwarori, ko cokalin zuma. A ɗan jira kamar kwata ɗin awa, in bai dawo ba a sake. In ya dawo ya bi da abinci na sosai. In kuwa ya suma, ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota zuwa asibiti.

Na biyu na kullum ne, kuma ta ce shi ne maganin gaskiya. Kada ya sha ƙwaya ciki fayau. Kada ya tsallake abinci. Ya ci da safe, ya taɓa wani abu da hantsi, ya ci da rana, ya taɓa da yamma, ya ci na dare, kaɗan-kaɗan, ba tuli ba. Kuma abin da ke daɗewa a ciki, wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, madara, ganye, da ɗan burodi ko 'yar shinkafa a gefe. Ranar aiki mai nauyi a ɗan ƙara. Ta ce, "Suga wutar kara ce, Baba, ta tashi bal ta mutu. Wake da ƙwai su ne gungumen da ke kai ka yamma."

Likita ma ya gan shi, ya rage ƙarfin ƙwayar, ya ce mu riƙa dawowa ana dubawa.

A hanya ƙanwata ta tsaya ta sayi suga. Ta riƙe ledar nesa da jikinta kamar ta ɗauko maciji, tana tafe tana share ido. Ƙadangare kuwa ya karɓi rabin magana, kamar yadda matarsa ta yi a karon farko. Alewa ya yarda, ya zuba a jakar ƙusa. Ci kafin hawa kuwa ya ce a kai kasuwa.

Na ce, "Ba ka ji abin da yarinyar ta ce ba?"

Ya ce, "Ta taɓa hawa rufi?"

Ɗan kwangila ya ji an je asibiti an gano ba maye ba ne, ya bar shi ya koma sama. Abin ya tafi 'yan kwanaki. In ya ji gumi sai ya jefa alewa, ya farfaɗo, jim kaɗan ya sake zubewa, ya sake jefawa. Wutar karan dai da aka faɗa mana. Har ranar da hannunsa ya saki guduma daga hawa na biyu. Ta wuce kunnen wani lebura da ke tura baro, ta fasa bulo a gabansa. Yaron ya zauna a ƙasa yana salati.

Ɗan kwangila bai yi faɗa ba. Ya jira ya sauko, ya ce, "Baba, daga yau kana ƙasa tare da surukinka. Kuɗinka ba zai ragu ba. Amma tsani na haramta maka."

Haka muka koma yanka tare. A ƙasa babu doka, don haka ya ci. Ƙanwata ta kama sabuwar magana da irin riƙon da ta kama tsohuwar. Da safe ƙwai da ɓarin burodi kafin ƙwaya. Ta ƙulla masa gyaɗa da ayaba ɗaya na hantsi, wake da ganye a 'yar kula na rana. Ɗan kwalin suga kuma ta ɗinke masa aljihu na musamman a cikin riga. Gumi ya ɗauke, rawar hannu ta tafi, fuskarsa ta ciko. Ko sau ɗaya abin bai sake kama shi a ƙasa ba.

Jiki ya warke, amma mutumin yana ƙarewa a gabana. Ya auna katako ya manta awon. Idonsa kullum a sama, yana kallon samari suna taka inda ba a takawa, leɓensa na motsi. Yaran da ya koya wa riƙon guduma suna ƙwala masa kira, "Baba, miƙo mai tsawon nan!" Ya miƙa. Ranar da wani ya ce masa Ƙadangaren ƙasa, da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya, shi ma ya yi.

Sai ruwan farko ya sauka. Kusurwar nan da reshe biyu suka haɗu, inda ruwan ɓangare biyu ke taruwa ya gangara, ta yi yoyo kamar kwando. Samari suka hau suka toshe, ruwa na biyu ya tona musu asiri. Ɗan kwangila ya zo wajenmu yana sosa ƙeya.

"Baba, da tsohuwar zuma ake magani. Kusurwar nan sai kai. Amma sharaɗi ɗaya. Gobe ka ci abinci a gabana, ina gani, sannan ka hau. In ba haka ba in nemo wani daga waje, kai kuma ka ci gaba da zarto."

Da yamma na bi shi gida. Muka zauna a bencin nan, ƙanwata na tsintar wake a gefe. Na ce masa taurin kai ba ado ba ne ga tsoho. Na ce maigidanmu ya daɗe a ƙasa, ba zai taso ya duba cikinsa ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Yaya, ranar da Fara'a ya faɗo, kai ƙusa ka tafi saye."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Ni ina kusa da shi kamar ni da kai ɗin nan. Yana ba ni labari yana dariya, sai na ji labarin ya tsaya. Na kai hannu na kama rigarsa. Rigar ce ta zauna a hannuna." Ya buɗe tafinsa ya duba. "Tun ranar, in da abu a cikina na taka tsani, sai in ji barcin nan yana biyo ni a baya. Ba dokar maigida nake bi ba. Tsoro nake ji."

Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin wannan ba. Ƙanwata ma ba ta taɓa ji ba. Ta ture farantin waken gefe.

Ta ce, "Malam, ni na kusa kashe ka da yunwa ina cewa magani nake yi. Na ji kunya, na canja. Wancan bawan Allah tulin shinkafa ya ci da tsakar rana. Ni ƙwai ɗaya zan ba ka da ɓarin burodi. Tun da ka koma ƙasa kake cin haka, ka taɓa yin gyangyaɗi a kan zarto?"

Ya ce, "Zarto a ƙasa yake."

Ta ce, "To zauna a ƙasan. Ni na fi son haka, Allah ya sani. Amma mutumin da ke shigo mini gida kwanakin nan ba mijina ba ne, wani ne mai kama da shi."

Na tashi na tafi ban san me zai yi ba.

Da safe na tarar ya riga ni. Yana zaune kan bulo a gindin tsani, wurin da mu da kanmu muke korar masu tauna, ƙullin ƙanwata a cinyarsa. Samari sun taru suna yi kamar suna neman kayan aiki. Ɗan kwangila na tsaye da hannu a aljihu. Ƙadangare ya ɓare ƙwai a hankali, ya gutsuri burodi, yana taunawa kamar mai cin magani. Wani yaro ya fara 'yar dariya, na dube shi, ya haɗiye ta. Ya gama, ya sha ƙwayarsa, ya kora da shayi, ya kakkaɓe riga. Ya taɓa aljihun sugan ya ji yana nan. Ya ɗan zauna, sannan ya ɗaura jakar ƙusa.

Ni na riƙe masa tsani. Ya hau har tsakiya ya tsaya. Ta cikin katakon nake jin rawar ƙafarsa tana saukowa hannuna.

Na ce a hankali, don kada yara su ji, "Sugan ne?"

Ya ce, "A'a. Wannan nawa ne."

Ya daɗe a wurin. Ban ce hau ba, ban ce sauko ba. Can sai na ji nauyinsa ya ɗaga zuwa mataki na gaba, sai na gaba, har ƙafarsa ta ɓace a bakin rufi.

Na koma kan zarto amma ban yanka komai ba. Ya sa aka ɓamɓare duk abin da samari suka toshe, ya sake shimfiɗa kwanon kusurwar tun daga ƙasa. Da hantsi ya yi, lokacin da abin ya saba kama shi, sai na ga igiya tana saukowa ta gefen bango, babu kowa a jikinta. Ya leƙo.

"Yaya, ɗauro mini gyaɗar nan da ayabar."

Na ɗaura, ya ja. Ya zauna a doron rufi ya ci a gaban kowa, ya huta kaɗan, ya koma aiki. Da rana ya sauko ya ci wakensa ya sake hawa. Kusurwar nan ba ta ƙara yoyo ba.

Ya yi shekaru yana hawa bayan wannan, har sai da ido ya gaza, ya sauko da ƙafarsa ba da igiya ba. Sugan ya kan taɓa shi jefi-jefi, in aiki ya yi nauyi ko abinci ya makara, amma ya san zuwansa, sai ya zauna ya sha abin aljihunsa ya bi da gyaɗa. Bayan ya bar aiki na taɓa tambayarsa yaushe tsoron ya sake shi. Ya ce bai sake shi ba. Ya ce har hawansa na ƙarshe, bai taɓa sa ƙafa a tsani da abinci a cikinsa gabansa bai faɗi ba. Yana ci ne kawai, yana hawa.